Tafki, Kududdufi, Gulbi da Ƙorama: Yadda Hausa Ke Raɗa wa Ruwa da Ƙasa Suna

A labaran rediyo da shafukan jarida, kalma guda ce ake ɗora wa kaya uku. Za ka ji Tafkin Chadi, ka ji Tafkin Kainji, sannan ka ji wai yaro ya faɗa tafki a bayan gari. Na farko halittar Allah ne, koguna ke ciyar da shi. Na biyu mutane ne suka tare Kogin Kwara da bango, aka kammala aikin a 1968, ruwa ya taru a baya. Na uku kuwa sau da yawa rami ne da magina suka haƙa suna ɗibar ƙasa, damina ta cika shi. Masunci da manomi da makiyayi ba sa haɗa waɗannan a suna ɗaya, domin abincinsu ya rataya ne a kan bambancin. Mai fassara da ɗan jarida ne suka fi yin wannan gwamutsi, kuma dalilin a fili yake: suna tasowa daga kalmar Turanci ko Faransanci, sai su nemo mata kishiya guda a Hausa su manne mata.

Darasin labarin ƙasa na makaranta girma da siffa yake fara dubawa. Hausa kuwa halin ruwan take tambaya: yana gudu ko yana kwance, yana kai wa bazara ko yana ƙafewa, wa ya haƙa gurbinsa, kuma me ake yi da shi. Wanda ya riƙe waɗannan tambayoyi da wuya ya ɓata suna.

Ruwan da ke kwance

Tafki, wanda mutanen Sakkwato da Nijar ke cewa tabki, ruwa ne da ya kwanta a gurbin da ƙasa ta lotsa da kanta. Jam'insa tafkuna, wasu su ce tafukka. Kalmar ba ta auna faɗi. Wanda shanu ke sha a gefen ƙauye, ya ƙafe kafin watan Janairu, tafki ne. Na Madarunfa a kudu da Maraɗi tafki ne, haka na Kalmalo kusa da Illela, da na Maladumba a ƙasar Misau, da na Tabalak a jihar Tawa. Saboda haka idan ana son mai karatu ya gane, dole a ƙara bayani: tafkin damina ne ko mai shekara, watau wanda ruwansa ke riskar wata damina. Ga makiyayi wannan ƙarin shi ne labarin gaba ɗaya.

Kududdufi dabam ne, kuma asalinsa ne ya bambanta shi. Hannun mutum ya haƙa shi. A tsofaffin birane kamar Kano da Katsina da Zariya, ƙasar da aka gina gidaje da ganuwa da ita daga cikin gari aka ɗebo ta, ramukan suka zama kududdufai. Gefensu a tsaye yake kamar na rijiya, ba ya gangarawa sannu a hankali kamar bakin tafki, shi ya sa yaro ke taku biyu ya nutse. Ƙasansu taɓo ne mai riƙe ƙafa. Amma suna da aikin da ba a cika gode musu ba: su ne tulun da ruwan sama na unguwa ke taruwa a ciki. In aka cike kududdufi da shara aka yanka filaye, ruwan ba ya fasa zuwa inda ya saba, sai dai ya tarar da ɗakin kwana a wurin. Rahoton da ya ce "tafki ya yi ambaliya" alhali kududdufi aka cike, ya ɓoye musabbabin ɓarnar ke nan.

Sai dam. A bakin jama'a kalmar tana nufin bangon da ruwan duka, ana cewa "mun je dam kamun kifi". A rubutu gara a rarrabe: madatsa ita ce bangon, ruwan da ke baya kuma tafkin madatsa ne. Tiga a Kano tun 1974, Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, Goronyo a kan Rima, Challawa a 1992, duk irin wannan ne. Haka Tafkin Volta na Ghana, wanda madatsar Akosombo ta haifar a 1965, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500. Inda rarrabewar ta zama ta rai da mutuwa shi ne wajen gargaɗi. "An saki ruwan dam", "dam ya tumbatsa", da "dam ya ɓalle" abubuwa uku ne. Na farko ma'aikata ne suka buɗe ƙofofi da gangan, kamar yadda ake yi a Lagdo ta Kamaru a kan Binuwai, kuma akan samu kwanaki kafin ruwan ya iso garuruwan da ke ƙasa. Na biyu ruwa ne ya kai maƙura yana fita ta magudanar da aka tanadar masa. Na uku bango ne ya karye, irin abin da ya faru a Alau cikin Satumban 2024, ruwa ya shiga Maiduguri da dare. Wanda ya rubuta ɗaya a madadin ɗaya, ko dai ya tada hankalin gari a banza, ko ya bar mutane suna barci.

Ruwan da ke gudu

Kogi da gulbi ma'anarsu ta kusa zama ɗaya, karin harshe ne ya raba su. Kano da Zariya da Bauchi kogi suka fi cewa. Sakkwato, Kabi, Zamfara, Katsina da Maraɗi gulbi, jam'i gulabe. Shi ya sa ake da Gulbin Ka da Gulbin Rima a yamma, Kogin Kano da Kogin Haɗeja a gabas. Bai dace a gyara wa mutanen wuri sunan ruwansu ba don a daidaita Hausa. Gulbin Maraɗi ya isa misali: daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya wuce Jibiya, ya shiga Nijar ta wajen Madarunfa da Maraɗi, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ya haɗu da Rima. Watanni da yawa a shekara yashi ne fari fat, ana takawa da ƙafa, amma sunansa gulbi ko da rani. Sunan na gurbin ne da abin da yake ɗaukowa idan lokacinsa ya yi. Wannan shi ne abin da mai sayen fili ya kamata ya sani: in tsofaffin wuri suka ce nan gulbi ne, to gulbi ne, ko da shekara goma bai kawo ba.

Rafi ya fi kogi ƙanƙanta, kuma kalmar ta miƙe ta rufe abin da ke gefensa. "Ya tafi rafi" na iya nufin wanki ko ɗibar ruwa, yana kuma iya nufin ya tafi lambunsa na albasa da tumatir. Ƙorama ƙaramar hanyar ruwa ce mai gudu, sau da yawa daga idon ruwa ko gindin dutse take fitowa. Ita ma ta zama sunan wuri: kwarin Ƙorama a jihar Damagaram, wajen Matamai da Magarya, inda ake noman rake. Abin da taswirorin Nijar ke kira kori kuwa busasshiyar hanyar ruwa ce da ke cika cikin sa'a guda bayan an yi ruwa a kan duwatsu, ta ƙafe cikin kwana ɗaya ko biyu. Telwa da ke saukowa daga duwatsun Azbin zuwa Agadas ita ce fitacciya, kuma ita ta rusa unguwanni a can cikin Satumban 2009. Dallol kalmar Fulatanci ce ta faffaɗan kwari, tsohuwar hanyar kogin da ya daina gudu tun zamani mai nisa: Dallol Boso, Dallol Mauri da ya ratsa ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutse a Nijar, da Dallol Foga mai gishiri. Ba a ganin ruwa a sama, amma yana kusa a ƙasa. A nan ne karin maganar nan ta "ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba" take gaskiya tsagwaronta.

Jikin kogi kansa yana da sunaye. Gaɓa ita ce baki. Gaci shi ne bakin da mai tsallaka yake nufa, daga nan aka sami "ya kai gaci". Mashigi wurin ratsawa ne da ƙafa, mashaya inda dabbobi ke sha, mahaɗa inda biyu suka gamu, kamar Kwara da Binuwai a Lokoja. Tsibiri kowa ya san shi, amma a Yawuri gungu ake cewa, har aka kira mazauna tsibiran Kwara da Gungawa. A Tafkin Chadi kuma tumbu ake ji, kamar Tumbun Gini.

Fadama da tudu

Duk cikin kalmomin nan babu wadda ta kai fadama nauyi a aljihun manomi. Ta shiga Turancin hukuma yadda take, tun da aka fara shirin Fadama da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990. Fadama ƙasa ce mai kwari wadda ruwa ke kwanciya a kanta da damina, ya janye da kaka ya bar laka da danshi. Kishiyarta tudu, inda ake gero da dawa da gyaɗa da ruwan sama kawai. Abin da ya sa fadama ta zama fadama ba laka kaɗai ba ce, kusancin ruwan ƙasa ne. Ƙaramin injin ban-ruwa mai bakin inci 2 ko 3 tsotso yake yi, kuma tsotso ba ya ɗaga ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai ƙarfin injin, domin nauyin iska ne ke turo ruwan cikin mesa. In ruwan ƙasa ya sauka ƙasa da haka a watan Maris ko Afrilu, injin zai yi ta kuka ba ɗigo. Mutum kan sayi fili da sunan fadama a watan Oktoba lokacin da ko'ina kore ne, ya gane tudu ya saya idan bazara ta yi. Lokacin duba fadama shi ne ƙarshen rani, a leƙa rijiyar maƙwabta a auna da igiya.

Fadama kuma tana rayuwa ne da cika da janyewa. A yankin Haɗeja da Nguru, bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke zuwa, wasu wurare sun daina samun cikar damina, wasu kuma ruwa ya zauna musu shekara cur. Inda ya zauna, kacala, wata doguwar ciyawar ruwa, ta mamaye, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama mazaunin tsuntsayen jan-baki masu cin shinkafa. Wurin yana nan da sunan fadama a takarda, amma ya koma wani abu. Dausayi ya fi karkata ga wurin danshi mai ɗanyar ciyawa, kuma marubutan yanzu suna aro shi su kira wurin ruwa da dabino a tsakiyar hamada. Aron ya zauna daidai.

A ɓangaren tudu ma ba ƙasa ɗaya ba ce. Jigawa ƙasa ce mai rairayi, mai sauƙin huɗa, ba ta riƙe ruwa, ita ce ta ba jihar Jigawa suna. Faƙo tauri ne da shi, ruwa na zamewa a kansa, iri ba ya kamawa. Marmara ja ce mai tsakuwa. Kwazazzabo ramin da zaizayar ruwa ta yanka ne, kuma yana cin gona ta kansa, yana ja da baya kowace damina. Kurmi duhuwar itatuwa ce, galibi a bakin ruwa, kuma sunan Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Muhammadu Rumfa, daga kurmin da ke bakin Jakara ya fito. Yau babu kurmin, sai sunan.

Dutse kalma ce mai faɗin ciki: wanda ake jifa da shi, wanda ake niƙa a kai, da wanda ake hawa, duk dutse ne. Dala, Kufena, Kwatarkwashi, Zuma, kowanne dutse. Tsauni ya fi dacewa da mai tsawo da faɗi, irin Chappal Waddi a Taraba mai mita 2,419, wanda ya fi kowanne tsayi a Najeriya. A nan akwai tarkon lissafi. Ana yawan rubuta cewa Dala mita 534 ne. Wannan awo daga matakin teku ne, kuma birnin Kano kansa yana zaune a wajen mita 480 daga teku. Abin da ƙafa ke hawa bai fi mita hamsin da 'yan kai ba. Duk inda aka ba da tsayin dutse, a faɗi daga ina aka auna.

Sunan da ya maimaita kansa

Yawancin manyan sunayen da ke taswira kalmomin yau da kullum ne a harshen mutanen wurin. Baƙo ya nuna ruwa ya tambayi sunansa, aka ce masa "ruwa", ya rubuta. Kalmar Chadi daga Barbarci, harshen Kanuri, ta fito, ma'anarta babban ruwa ko tafki, saboda haka Tafkin Chadi "tafkin tafki" ne. Komadugu kogi ne a Barbarci, mayo kogi ne a Fulatanci, don haka "Kogin Komadugu Yobe" da "Kogin Mayo Kebbi" sun faɗi kogi sau biyu. Kogin Yobe ya wadatar. Sahara hamada ce a Larabci, Tenere ma haka take a harshen Abzinawa. Ita kanta kalmar hamada Larabci ce, kuma a can tana nufin fili mai duwatsu, ba tulin yashi ba. Hausa ce ta faɗaɗa ta. Sahel kuwa gaɓa ce, kamar an ɗauki Sahara a matsayin teku, ƙasashenmu bakinsa.

Ba lallai a yi yaƙi da irin waɗannan ba. Tafkin Chadi ya zauna a baki, kuma yanzu Chadi sunan ƙasa ne, dole a bambanta. Amma inda Hausa take da nata suna tun tuni, asara ce a yar da shi. Kwara ya girmi "Kogin Neja" a bakin Bahaushe, kamar yadda Zabarmawa ke cewa Isa Beri, babban kogi, Mandinkawa kuma Joliba. Azbin ma haka, ya girmi "Air" da ke taswira a bakin Bahaushe.

Bahar ta fi kowacce rikitarwa. A Bahar Maliya da Bahar Rum teku take nufi. A Sudan kuwa Bahar al-Abyad kogi ne, Farin Nilu. A Chadi, Bahar al-Gazal busasshen kwari ne da a da yake kwashe rarar ruwan tafkin zuwa arewa maso gabas. Wanda ya ga bahar ya rubuta teku ba tare da dubawa ba zai kai teku tsakiyar hamada. Akwai kuma tafkunan da ake kira teku saboda girma ko gishiri. Mataccen Teku da ke tsakanin Jodan da Falasɗinu da Isra'ila tafki ne, yana ƙasa da matakin teku da fiye da mita 400, gishirinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Kasfiyan, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 371,000, shi ne tafki mafi girma a duniya in an bi ma'anar ruwan da ƙasa ta kewaye. Sunan a can maganar dukiya ce, domin dokar rabon teku da ta rabon tafki ba ɗaya ba ce, ga mai da iskar gas a ƙarƙashi. Sai a 2018 ƙasashe biyar da ke kewaye da shi, Rasha, Iran, Kazakistan, Azarbaijan da Turkumenistan, suka sa hannu a Aktau kan ba shi matsayi na musamman. A gabashin Afirka ma, ruwan da Malawi ke kira Tafkin Malawi, Tanzaniya Nyasa take ce masa, kuma har yanzu suna jayayya kan inda iyaka ta bi. Nyasa ɗin ma tafki take nufi a harshen Yao. Mai rubuta labari da ya zaɓi suna ɗaya ya ɗauki ɓangare, ko ya sani ko bai sani ba.

A koma kan Chadi, domin shi ne ya fi wahalar bayyanawa da lamba guda. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. A lokacin fari na shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan ya koma ƙasa da 2,000. Ba shi da zurfi, mafi yawansa 'yan mitoci ne, don haka saukar ruwa kaɗan kan janye gaɓa kilomita da dama. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke shiga cikinsa daga Shari da Logon yake zuwa, ta kudu. Faɗinsa na Nuwamba ba shi ne na Yuni ba, kuma adadin ya danganta da ko an ƙirga fadamun da ciyayi suka rufe. Lambar da ba ta zo da shekara da wata ba, rabin magana ce. Ga kuma bambancin tafkin da yankin da ke zuba masa ruwa, wanda ya haura murabba'in kilomita miliyan 2. Ruwan saman da ya sauka a Kano, in ya tsira daga madatsa da rana da injin ban-ruwa, Kogin Haɗeja zai bi, ya gamu da na Jama'are wajen Gashuwa, ya zama Yobe, ya nufi Chadi. A lissafin masana ruwa Kano tana cikin yankin Tafkin Chadi, ko da yake tana nesa da gaɓarsa.

Wajen rubutawa, ƙananan abubuwa ne ke ɓata ma'ana. Kwari na ƙasa da kwarin kibiya rubutunsu ɗaya, ƙwari mai lanƙwasa kuwa ko dai jam'in ƙwaro ne ko ƙarfin abu. Koguna jam'in kogi ne, kuma jam'in kogo ne, sai jimla ta raba gardama. Harafin liƙi yana bin jinsin kalmar farko: Tafkin Kware, Gulbin Kaba, Dutsen Kufena, amma Rijiyar Lemo, Ƙoramar kaza, Fadamar kaza. Hekta 100 ne murabba'in kilomita ɗaya, hekta ɗaya kuma kusan eka biyu da rabi, kuma musanya su a takardar fili ya sha haddasa rigima. Sunayen da suka bi ta hannun Turawa sai an tuɓe musu riga kafin a gane su: abin da taswirar Faransanci ta rubuta Dogondoutchi Dogon Dutse ne, Goulbi gulbi ne, Korama kuma Ƙorama ce da aka cire wa lanƙwasa.